Yadda ake gane sinadaran man kanumfari, ɗoɗɗoya da habbatus sauda da na'urar lantarki

A wajen masu kayan yaji da turare na Kasuwar Dole ba a rasa ƴan kwalaben mai: wannan na kanumfari ne don ciwon haƙori, wancan na na'a-na'a, ga na habbatus sauda. Hanci yana iya cewa akwai kanumfari a kwalba, amma ba ya iya cewa kashi nawa ne, ko an tsinka shi da wani abu. Na'urar da ke rarrabe sinadaran man ƙamshi ɗaya bayan ɗaya, wato GC-MS, tana da tsada, tana buƙatar gas na musamman da wutar da ba ta yankewa. Shi ya sa nake ganin ɗalibin kimiyyar sinadarai a Jami'ar André Salifou, ko ma'aikacin farmasi mai son tantance kayan da yake saye, ya kamata ya iya boltametri. Na'urarta tana shiga jakar hannu, kuma batirin kwamfuta ya ishe ta.

Dabarar ta daɗe. Jaroslav Heyrovský ne ya buɗe ƙofarta a birnin Prag a 1922, aka ba shi kyautar Nobel a kanta a 1959. Ana tsoma sanda mai ɗaukar lantarki cikin ruwan da aka narka samfur, a riƙa ƙara mata ƙarfin turi a hankali, ana auna kuran ɗin da ke wucewa. Idan turin ya kai inda wani sinadari zai saki elektiron ɗinsa, sai kuran ya yi tsalle, tudu ya fito a allo. Wurin da tudun ya tsaya yana nuna irin sinadarin, tsayinsa kuma yana nuna yawansa.

Mataki na farko: san abin da na'urar ke gani

A nan ake asarar watanni. Yawancin abin da ke cikin man ƙamshi ba ya sakin elektiron a iyakar turin da ruwa ke jurewa. Sineyol na ganyen itacen turare, mentol na na'a-na'a, pinen da ke cikin kimba, limonen na ɓawon lemo, dukansu shiru za su yi maka. Waɗanda ke amsawa su ne dangin fenol: ejenol, wanda yakan kai kashi 70 zuwa 90 cikin 100 na man kanumfari, da timol da tagwaicinsa karbakurol, da banilin. Sai dangin kinon, wanda babbansu a wurinmu shi ne timokinon na habbatus sauda. Shi karɓar elektiron yake yi, don haka ta ɓangaren ƙasa da sifili ake nemansa.

Akwai na tsakiya. Sitiral na sitironel, sinamaldehid na kirfa, da piperiton wanda shi ne mafi yawa a man nobe na yankinmu, suna karɓar elektiron, amma sai an gangara ƙasa da bolt −1, inda ruwan kansa ya fara damun awo. Mai koyo ya bar su tukuna. Ya fara da kanumfari, domin shi ne mai tudu bayyananne kuma ejenol tsantsa ba ya wuyar samu: likitocin haƙori suna kwaɓa shi da garin zink okzid don cike rami, ana samunsa wajen masu sayar musu da kaya.

Mataki na biyu: haɗa kaya

Uwar aikin ita ce potansiyosta, na'urar da ke ba da turi tana auna kuran. Akwai ƙanana na kamfani irin EmStat na PalmSens, akwai kuma waɗanda aka saki zanensu kyauta don kowa ya haɗa: CheapStat da aka fitar a 2011, DStat a 2015, da Rodeostat. 

Sanduna uku ake tsomawa. Sandar aiki, inda abin ke faruwa, galibi ta gawayi mai santsin gilashi ce, mai faɗin milimita 3. Idan babu, bakin fensir mai matsawa na milimita 0.5, HB ko 2B, yana aiki, kuma ni na fi son shi wa mai koyo saboda dalilin da zai zo a gaba. Sandar ma'auni, wadda da ita ake gwada ƙarfin turi, ta Ag/AgCl ce (azurfa da gishirinta), ana jiƙa bakinta kullum cikin ruwan KCl mai mola 3. Mola ita ce awon yawan sinadari a ruwa, mol nawa a lita ɗaya. Idan ta bushe a zafin watan Afrilu, dukan lambobinka sun kauce. Ta ukun, sandar taimako, wayar pilatin ce, ko sandar gawayi mai kauri.

Sai sikeli mai auna miligiram 0.1, mikiropipet, kwalaben awo na mililita 10, na'urar pH (ma'aunin tsamin ruwa), garin alumina na goge sanda, da etanol tsantsa. Kada ka ɗauki alkol ɗin wanke rauni na farmasi: sau da yawa an zuba masa kafur da rini rawaya mai suna tartirazin, kuma rinin yana da nasa tudu. Ruwa kuwa tatacce na labo kawai. Na famfo da na rijiya suna ɗauke da gishiri iri-iri, kuma ɗanɗanonsu ma yana sauyawa daga unguwa zuwa unguwa.

Mataki na uku: samo man

Idan kai za ka tatsa, na'urar Clevenger ake amfani da ita, mai fitar da mai ta hanyar tururi. Daka kanumfari giram 30 sama-sama, zuba a tulun gilashi da ruwa rabin lita, a tafasa awa 3. Kanumfari mai kyau yana ba da mai kashi 15 zuwa 20 cikin 100 na nauyinsa, kuma man ya fi ruwa nauyi, nutsewa yake yi, kada ka tsaya nemansa a sama. Ganye irin ɗoɗɗoyar da ake samu a garakan Mirriya ko Gidimuni ba ya ba da ko kusa da haka. Sai ka tara ganye da yawa, ka shanya a inuwa, kafin ka sami abin awo. Matsalar Damagaram a nan ita ce ruwan sanyaya bututu. Ba a sakin famfo awa 3 a garin nan. Sa bokiti da ƙanƙara da ƙaramin famfo mai juya ruwan, ya je ya dawo.

Tsane man da ɗan garin sodiyom sulfat busasshe, zuba a kwalba mai duhu, rufe sosai, ajiye a firiji. Rubuta sunan shuka, inda aka tsinko, da ranar tatsa.

Idan na kasuwa ne, ɗiga ɗigo ɗaya a farar takarda ka bar shi ya kwana. Man ƙamshi na gaskiya tashi yake yi. Idan tabon maiƙo ya zauna daram, an haɗa da man gyaɗa ko wani mai irinsa. Man habbatus sauda daban ne: matse shi ake yi daga ƙwaya, maiƙo halinsa ne.

Mataki na huɗu: haɗa ruwan awo

Mai ba ya ɗaukar lantarki, ba ya kuma narkewa a ruwa. Saboda haka ana fara narka shi a etanol, sannan a ɗiga kaɗan cikin ruwan tampo, wanda ke riƙe pH wuri ɗaya. Narka giram 13.6 na KH2PO4 a lita ɗaya, giram 14.2 na Na2HPO4 busasshe a wata litar. Mililita 39 na farko da 61 na biyu suna ba da pH 7 ko dab da shi. Tabbatar da na'ura. A kofin awo, zuba mililita 8 na tampo da 2 na etanol. Wannan rabo kada ya sauya daga farkon aiki har ƙarshe, domin yawan etanol yana taɓa tsayin tudu.

Ruwan shaida, wanda ka san adadin sinadarinsa don gwada samfur da shi: auna miligiram 16.4 na ejenol tsantsa, cika da etanol zuwa mililita 10. Nauyin mol ɗinsa giram 164.2 ne, don haka ka sami milimola 10. Mikirolita 10 na wannan cikin kofin mililita 10 yana ba da mikiromola 10. Samfur kuma: miligiram 20 na man kanumfari, a cika da etanol zuwa mililita 10. Da sikeli ake auna mai. Yana manne wa bakin pipet, awon ɗigo ba abin dogaro ba ne.

Mataki na biyar: goge sanda, sannan ka gwada ta

Rabin aikin nan guga ne. Zuba ɗan garin alumina mai mikiron 0.3 a kan ƙyallen guga, jiƙa shi, riƙe sandar a tsaye ka riƙa zana lamba 8 na minti ɗaya ko biyu. Kurkure, maimaita da mai mikiron 0.05, sake kurkurewa sosai, kada yatsa ya taɓa fuskar. Da hunturu ka rufe ƙyallen da kofin awo duk lokacin da ba ka amfani da su, don ƙwayar rairayi ɗaya tana iya karce sandar.

Kafin ka amince da ita, gwada ta da potasiyom ferisiyanid milimola 1 cikin KCl mola 0.1. Zagaya daga +0.6 zuwa −0.2 ka dawo, da gudun milibolt 50 a daƙiƙa. Tudu biyu za su fito, ɗaya sama ɗaya ƙasa, masu tsayi kusan ɗaya, tsakiyarsu wajen bolt +0.2. A lissafi tazararsu milibolt 59 ce. A aikace 65 zuwa 90 ya yi. Idan ta haura 120, sake gogewa. Idan duka biyun sun kauce tare, sandar ma'auni ce ke da laifi. Kada ferisiyanid ya haɗu da asid mai ƙarfi, yana iya sakin gas mai guba. Kwalbar shararsa daban.

Ga mai bakin fensir, manne shi da waya, rufe jikinsa a bar milimita 10 cif a waje, kuma kowane awo tsawon da ke cikin ruwa ya zama ɗaya.

Idan layin allo yana rawa kamar haƙoran zarto, cire cajar kwamfuta daga bango. Wutar gari mai bugu 50 a daƙiƙa ce ke shiga awon, ta injin janareta kuwa ta fi muni. Sa kofin cikin akwatin ƙarfe da aka haɗa da wayar ƙasa ta na'urar, kashe fanka, nisanta salula.

Mataki na shida: zagayen gano sinadari

Fara da ruwan tampo da etanol zalla. Zagaya daga 0 zuwa +1.0 ka dawo, gudu milibolt 100 a daƙiƙa. Bai kamata a ga tudu ba. Idan ya fito, akwai datti, kuma ba a ci gaba sai an kawar da shi.

Yanzu ɗiga mikirolita 100 na ruwan shaidar ejenol, juya, bari ya lafa daƙiƙa 10, yi zagaye uku a jere ba tare da ka taɓa komai ba. A zagayen farko za ka ga tudu ɗaya babba, a pH 7 galibi tsakanin +0.4 da +0.6. A hanyar dawowa wani ƙaramin tudu zai fito ta ƙasa, kusan bolt 0.3 kafin wurin na farko. A zagaye na biyu sai abokinsa ya bayyana ta sama, wanda babu shi sam a zagayen farko. Dalili: da ejenol ya saki elektiron, ruwa yana cire masa reshen metoksi ya fita a matsayin metanol, abin da ya rage ya zama kinon, shi kuma kinon yana karɓa yana mayarwa cikin sauƙi. Wannan sabuwar tagwayen tudu ita ce babbar alamar ejenol da danginsa.

Timol ba haka yake ba. Tudunsa yana can sama kaɗan, wajen +0.6 zuwa +0.8, ba ya haifar da waɗannan tagwaye a fili, kuma a zagaye na biyu yakan rushe ƙwarai. Kada ka haddace lambobin nan, suna motsi gwargwadon sanda. Abin dogaro shi ne ruwan shaidarka, a kan sandarka, a ranar.

Ga inda abin ke da daɗi. Ɗoɗɗoya mai manyan ganye tana da jinsi biyu da ido ba ya rabewa da sauƙi: a man wata timol ne ya yi rinjaye, a na wata ejenol. Zagaye biyu sun isa su nuna maka wadda ke hannunka, cikin abin da bai kai minti ɗaya ba.

Sai dai wurin tudu shi kaɗai ba hujja ba ne. Shaidu uku nake nema kafin in rubuta suna. Na farko, tudun samfur ya tsaya inda na shaida ya tsaya, kuma halinsu a zagaye na biyu ya zo ɗaya. Na biyu, idan aka ɗiga ruwan shaida cikin samfur, tudun nan ɗin ya ƙara tsayi, ba wani ya tsiro a gefensa ba, ba kuma ya yi kafaɗa ba. Na uku, su yi tafiya tare idan an sauya pH. Don wannan ana amfani da tampon Britton-Robinson, haɗin asid na asetik, fosforik da borik, mola 0.04 kowanne, wanda ake ɗaga shi da soda (NaOH) daga pH 2 har 12. Auna a pH 3, 5, 7 da 9. Fenol yana sakin furoton ɗaya tare da kowane elektiron, don haka tudun yana ja baya kusan milibolt 59 a kowane mataki na pH.

Lambar 59 ɗin nan ta ɗaki mai digiri 25 ce. A digiri 40 ta zama 62, kuma tsayin tudu yana ƙaruwa da kashi 1 zuwa 2 cikin 100 a kowane digiri. Wanda ya auna shaida da sanyin safiya, ya auna samfur bayan azahar a watan Mayu, ya riga ya saka kuskure da hannunsa. Rubuta zafin ɗaki, kuma shaida da samfur su bi juna a zama ɗaya.

Dalilin rushewar tudu shi ne abin da ya fi wahalar da masu wannan aiki. Fenol da ya saki elektiron yana haɗewa da ƴan'uwansa, su yi shimfiɗa a fuskar sanda kamar ƙanzo a gindin tukunya, lantarki ya kasa ratsawa. Ba a gani da ido. Maganinsa guga kafin kowane awo, ba kowace safiya ba. Amfanin fensir ke nan: a karya bakin, a turo sabo. Rage yawan sinadari ma yana taimakawa. Ƙasa da mikiromola 100 shimfiɗar ba ta saurin kamawa.

Mataki na bakwai: auna yawa

Don yawa ana komawa salon DPV, inda na'urar ke hawa da ƴan bugu tana cire kuran da ba na sinadari ba, tudun ya fito siriri a kan shimfiɗaɗɗen layi. Sa bugu milibolt 50, tsawonsa milidaƙiƙa 50, taki milibolt 5, daga +0.1 zuwa +0.9.

Hanyar da ta fi dacewa da mai ita ce ƙari a kan samfur, domin sauran sinadaran man suna nan cikin kofin, duk tasirin da za su yi sun yi wa shaida ma. Zuba mikirolita 30 na samfur a kofi, auna. Ƙara mikirolita 20 na shaida, juya, sabunta sanda, auna. Yi haka sau uku.

Ga misalin lissafi da lambobin koyarwa. A ce samfur ya ba da mikiro'amfiya 2.0, ƙarin farko 3.4, na biyu 4.8, na uku 6.2. Kowane ƙari mikiromola 20 ne, ya ɗaga tudu da 1.4, wato 0.07 a kowace mikiromola. Raba 2.0 da 0.07, ka sami mikiromola 28.6 a kofi. An tsinka mikirolita 30 cikin mililita 10, ninki 333 ke nan, don haka kwalbar samfur tana da milimola 9.5. Ninka da 164.2, ya ba da miligiram 1.56 a kowace mililita. Mai da ka zuba miligiram 2 ne a mililita, saboda haka ejenol kashi 78 ne cikin 100. Man kanumfari na ƙwarai ke nan. Da 20 ka samu, an tsinka shi.

Zana ɗigon huɗu a takarda. Idan na ƙarshe ya sunkuya ƙasa da layi, sanda ta toshe ko samfur ya yi kauri. Rage shi rabi ka sake. Maimaita dukan aikin sau uku daga awon sikeli, ba daga kofi kawai ba. Sannan ka gwada kanka: zuba sanannen adadin ejenol a cikin man da ka riga ka auna, ka ga ko za ka maido kashi 90 zuwa 110 na abin da ka zuba.

Habbatus sauda

Auna miligiram 100 na man, zuba etanol mililita 10, girgiza minti 5, bari maiƙon ya kwanta, ɗebi na sama. Naɗe kwalbar da takardar alminiyom, haske yana lalata timokinon. A nan daga +0.4 ake gangarawa zuwa −0.6, tudun yana fitowa ta ƙasa, kaɗan bayan sifili, abokinsa kuma a hanyar dawowa. Iskar oksijin da ke narke cikin ruwa tana karɓar elektiron a kusa da wurin, don haka sai an busa gas ɗin naitirojin cikin kofin minti 10 kafin awo. Idan babu naitirojin, sauko da pH zuwa 4 ko 5 yana matsar da tudun sama, ya ɗan rabu da na oksijin, amma dole ka auna ruwa zalla ka cire.

Abin da za ka rubuta a rahoto

Timol da karbakurol nauyinsu ɗaya, tudunsu yana hawa kan juna, don haka ka rubuta jimlarsu a matsayin timol, kada ka raba abin da na'urar ba ta raba ba. Asetat na ejenol da kariyofilen, waɗanda su ne yawancin ragowar man kanumfari, ba sa fitowa, saboda haka kashi 78 ba ya nufin sauran 22 algus ne. Na'urar ba ta bambanta ejenol na shuka da na masana'anta. Kafsaisin na barkono da jinjerol na citta suna da irin reshen ejenol, suna ba da tagwayen tudu masu kama da nasa. A haɗin yaji ko maganin gargajiya mai gauraye, abin da za ka iya cewa shi ne akwai wannan dangi. Haka BHT da ake sa wa mai don kada ya yi ɗoyi, shi ma fenol ne.

Idan aikin na kammala digiri ne, ware samfur biyu ko uku, mafi yawa da mafi ƙaranci a awonka, zuba mililita ɗaya-ɗaya a ƙananan kwalabe masu duhu, toshe da murfi mai teflon, ka aika labo mai GC-MS cikin kula mai ƙanƙara. Sauran samfuran ka auna su a nan, kowanne da shuka, wuri, ranar tatsa, irin sanda, pH da zafin ɗaki a rubuce a gefen lambarsa.